Kwabo mai huji a gefe: kuskuren gidan buga kuɗi ne, ko rauni ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, Baba. Bayan rasuwar kakata a Tudun Wada mun tarar da gwangwanin madara cike da tsofaffin sulalla a ƙasan adudunta. Uku daga ciki sun ɗaure mini kai: kwabo ɗaya hujinsa ba a tsakiya yake ba, sule ɗaya rubutunsa kamar an yi shi sau biyu, sai naira ɗaya ta 2007 da cikinta ya fita, zoben kawai ya rage. Abokina ya ce irin waɗannan masu kuskure miliyoyi ake saye. Waɗanne irin kurakurai ne masu tara tsaba suke nema, kuma yaya zan gane nawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan kakarka, ya kai haske kabarinta. Kafin mu shiga magana, don Allah kada ka wanke ko ɗaya daga cikinsu. Kada toka ta taɓa su, ko lemun tsami, ko tsamiya, ko man goge ƙarfe. Ka bar su da duhunsu yadda ka same su, dalilin yana tafe.

Na yi shekaru ina aiki a kan injin matsa ƙarfe a wata masana'anta a Kakuri, ni ke wasa hatiman da ake yankan ƙarfe da su, ni ke ɗaura su a kan injin. A nan sha'awar tara tsaba ta kama ni, domin tsabar kuɗi ma da irin wannan injin ake buga ta. Abin da aikin ya koya mini shi ne inji ba ya kuskure yadda ya ga dama. Kowane kuskure yana da hanyar da ya bi ya faru, kuma yana barin sawu. Saboda haka abin da masu tara tsaba suke kira kuskure shi ne abin da ya sami tsabar tun tana cikin gidan buga kuɗi. Duk abin da ya same ta bayan ta fito, ko guduma ce, ko tayar mota, ko wuta, ko ƙusa, rauni ne, kuma rauni rage daraja yake yi. Duk tsabar da ka ɗauka, tambayi kanka: ta yaya inji zai iya yin wannan? In ba ka sami hanyar ba, to hannun mutum ne.

Ga yadda ake yin ta a taƙaice. Ana murza ƙarfe ya zama dogon falle mai kaurin da ake so, inji ya huda ƙananan faya-fayai daga jikinsa kamar yadda mai cincin ke yanka kwaɓi. Sai a gasa su su yi laushi, a wanke, a bi da su ta wani injin da ke matse gefensu har baki ya ɗan taso. Daga nan kowane faifai ya faɗa cikin wani zoben ƙarfe da ke riƙe shi, hatimin sama ya sauko a kan na ƙasa da ƙarfin tan masu yawa, a bugu ɗaya fuska biyu su fito. Injinan zamani suna buga ɗaruruwa a minti guda. Ka ga wuri uku ke nan da abu zai iya lalacewa: faifan, hatimin, ko bugun kansa.

A ɓangaren faifai, wanda aka fi gani shi ne gutsure. Idan fallen bai matsa gaba yadda ya kamata ba, abin hujin sai ya haɗa da wurin da aka riga aka huda, faifan ya fito da gefe ɗaya a lanƙwashe ciki kamar an ciji gurasa. Mutane suna kwaikwayon wannan da almakashin maƙera, amma akwai shaidar da hannu ba ya iya yi. Ka duba bakin tsabar a ɗaya gefen, daidai da inda gutsuren yake. A na gaske za ka tarar bakin ya yi rauni a nan, bai taso sosai ba, domin injin da ke tayar da baki yana matsawa ne daga gefe biyu, in gefe ɗaya babu ƙarfe to ɗayan ma bai sami matsi ba. Haka kuma rubutun da ke kusa da gutsuren yakan dushe a hankali yana gangarawa cikinsa. Na almakashi kuwa harafi zai yanke ƙat a tsakiya. Akwai kuma ɓawo, inda datti ko iska ta maƙale cikin ƙarfen tun a narka, sai fatar tsabar ta riƙa salewa kamar ɓawon albasa. Ana yawan samun wannan, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Mai tsada a wannan ɓangaren shi ne a buga tsaba a kan faifan da ba nata ba. A 1943, saboda yaƙin duniya na biyu yana cin jan ƙarfe, Amurka ta koma buga santi ɗaya da baƙin ƙarfe mai rufin tutiya. Wasu 'yan faya-fayan tagulla na shekarar baya sun maƙale a cikin manyan kwantenan da ake zuba su, aka buga su da hatimin 1943. Ɗaya daga cikinsu, na gidan buga kuɗi na Denver, an sayar da shi dala miliyan 1.7 a 2010. Irin wannan labarin ne yake isa kunnen abokinka. Abin da ba ya isa shi ne na jabu sun ninka na gaske sau dubbai, kuma maganaɗisu da sikeli kawai ke tona yawancinsu: na tagulla giram 3.11 ne kuma maganaɗisu ba ya kama shi, na baƙin ƙarfe giram 2.7 ne kuma yana mannewa ko da an shafe shi da ruwan jan ƙarfe.

To mu zo kan kwabonka. Anini da ɗari da kwabo na zamanin Turawa duk da huji aka yi su, haka ɗari da kwabon da aka fitar a 1959, shekarar da Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki. Hujin aiki ne na daban da inji ke yi, saboda haka yakan kauce, wani lokaci ma a tsallake shi gaba ɗaya kwabo ya fito a toshe. Duka biyun kurakurai ne na gaske kuma ana neman su. Ka ɗora kwabon a kan wani ɗan'uwansa mai lafiya ka duba abu uku. Hujin guda ɗaya ne tak, tsakiyar kuma a cike take da ƙarfe? Faɗinsa daidai yake da na ɗan'uwan? Sannan ka karkata shi a hasken rana ka leƙa bangon hujin. Hujin inji yana da santsi daga sama zuwa wani wuri, daga nan sai ƙarfen ya nuna alamar tsinkewa, kuma launin cikinsa ya tsufa tare da sauran jikin. Wanda aka yi da ƙusa yakan lotsa fuska ɗaya ya turo ƙarfe ta bayanta, na abin hujin kafinta kuma yana barin zane a kewaye. In kuwa huji biyu ne, na tsakiya yana nan ga wani ƙarami a gefe, wannan aikin iyayenmu mata ne da suke jera su a zare don ado. Yana da daraja a wurinka tunda ya ratsa hannun kakarka, amma ba kuskuren gidan buga kuɗi ba ne.

Sulen naka kuma ya kai mu ga hatimi, kuma a nan ne mutane suka fi ruɗewa, domin kama da wane ba ta wane. Shi hatimin ma buga shi ake yi daga wani uban hatimi, kuma a da sai an danna shi fiye da sau ɗaya kafin zanen ya zauna. Idan ya ɗan juya tsakanin dannawa ta farko da ta biyu, zanen zai zauna biyu a jikinsa, duk tsabar da ya buga kuma ta gaji wannan, iri ɗaya sak. Shahararren misali shi ne santin Amurka na 1955 daga Philadelphia, wanda shekarar da rubutun suka fito biyu ɓaro-ɓaro, ko ba tabarau za ka gani. Kimanin dubu ashirin da 'yan kai ne suka fita, da yawa an tsince su a matsayin canji da ake cusawa cikin ledar kwalin sigari. Amma akwai wani ninkin da ba shi da wata daraja: hatimi ya yi sako-sako a kan injin, bayan ya buga sai ya ɗan zame yana tashi, ya goge gefen haruffan. Na sha ganin haka a wurin aiki in ƙusar ɗauri ta saki. Bambancin yana ga siffa. A ninkin hatimi, haruffan biyu duk a kumbure suke masu zagayen baya, harafin ya fi na kullum kauri, kuma ƙarshensa ya rabu biyu kamar harshen maciji. A ninkin zamewa, na biyun a shafe yake kamar dakali a gindin bango, kuma ainihin harafin ya sirance domin daga jikinsa aka cira. A cikin goma da ake kawo mini, da wuya ɗaya ya zama na farkon. Ka nemi gilashin ƙara girma mai ninki goma irin na masu gyaran agogo da waya, ka duba lambobin shekarar tukuna.

Hatimi yana tsufa kamar kowane kayan aiki. In ya tsage, ƙarfe ya shiga tsagar, sai ka ga siririn layi a kumbure a fuskar tsabar. Ka lura, a kumbure. In layin ya nutse ciki, ƙarzuwa ce kawai. In wani yanki ya ɓalle daga bakin hatimin, wurin zai fito curi guda babu zane, kamar an ɗiga dalma. In kuma hatiman biyu suka gwabza babu faifai a tsakaninsu, kowanne zai bar inuwarsa a jikin ɗan'uwansa. Ma'aikata sukan goge irin wannan tabon, wani lokaci su wuce gona da iri. Haka aka yi a Denver a 1937, aka goge ƙafar gaba ta ɓaunan da ke jikin santi biyar, ya fito da ƙafa uku, har yau ana rububinsa.

Yanzu ga wanda na fi so ka riƙe, domin shi ne zai iya kasancewa a gwangwanin kakarka. Turawa suna kiransa alfadari da harshensu, kuma sunan ya dace: uba jaki, uwa goɗiya. Wato a ɗaura hatimin gaba na wata tsaba tare da hatimin baya na wata daban. A Ingila a 2008 an sake fasalin tsabarsu, aka ɗauke shekarar fenni ashirin daga baya aka mayar gaba. Sai aka haɗa tsohon hatimin gaba da sabon na baya a kan fenni ashirin, ta fito babu shekara ko ta ina. Amma ba sai mun je nesa ba, namu kwabon yana da alfadarai har uku da aka sani. Yawancin tsabar da aka kashe a nan kafin 'yanci ta Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma ce, wadda aka kafa a 1912, kuma ba gidan buga kuɗi na sarautar Ingila kaɗai ke buga ta ba, ana ba wa kamfanoni kwangila. In ka ga ƙaramin harafin H, kamfanin Heaton ne na Birmingham; KN kuma King's Norton. Shi Heaton a lokacin yana buga wa Afirka ta Gabas ma, kuma santi gomansu mai huji ne, faɗinsa kusan ɗaya da kwabonmu. A 1936 aka yi kuskuren haɗa su: fuska ɗaya tauraro da BRITISH WEST AFRICA, ɗaya fuskar kuwa TEN CENTS maimakon ONE PENNY, kuma babu rubutun Larabcin nan da aka saba gani a ƙasan hujin. Na biyu kwabon 1945 ne mai sunan Sarki Edward na takwas, mutumin da ya sauka daga mulki tun Disamban 1936. Na uku kwabon 1956 ne mai sunan George na shida, wanda ya rasu a Fabrairun 1952. A waɗannan biyun, da alama wani ma'aikaci ne ya miƙa hannu kan kanta ya ɗauko tsohon hatimi, ba wanda ya lura. Waɗannan ba sa buƙatar gilashi, karatu kawai suke so: sunan sarki a gaba, shekara a baya, ka ga ko sun yi zamani ɗaya.

Sai dai ka kiyaye, kwabon 1936 mai sunan Edward na takwas shi kansa ba kuskure ba ne. Ingila ba ta kai ga fitar da tsaba da hotonsa ba, amma namu tunda huji ya cinye wurin hoto, suna kawai ake rubutawa, an buga su da yawa kuma suna nan birjik. Haka ma dalar azurfar nan mai hoton Maria Theresa da ake samu a kayan tsofaffi: kusan duk 1780 za ka gani a jikinta, domin da wannan shekarar aka ci gaba da buga ta har zamaninmu. Azurfarta tana da kuɗi, amma shekarar ba hujjar tsufa ba ce.

Kurakuran bugu su ne suka fi ɗaukar ido, kuma kowanne shi kaɗai ne irinsa. Faifai ya faɗa a karkace, zanen ya fito a gefe guda, sauran fili fetal kamar jinjirin wata. Masu saye sun fi son wanda ya kauce sosai amma shekarar tana nan a karance. Zoben riƙo ya ƙi tasowa, tsabar ta baje ta fi 'yan'uwanta faɗi, gefenta babu tsaga-tsaga. Tsaba ta ƙi fita ta sha bugu na biyu. Maiƙo ko zare ko ɓarɓashin ƙarfe ya shiga tsakani, wasu haruffa su ɓace. Hatimi ya juya, baya ya karkace daga gaba. Wannan sai ka gwada da wata irinta kafin ka yanke hukunci, domin tsabar Amurka da gangan ake yin bayanta a kife.

Akwai wani irin kuskuren da jabunsa ya taɓa cin kuɗina. Wani lokaci tsabar da aka buga takan manne a jikin hatimi, sai ta zama ita ce hatimin faifan da ke biye. Wanda ya biyo zai fito da fuska ɗaya lafiya lau, ɗayar kuma wannan zanen dai, amma a nutse kuma a juye kamar a madubi. Ina sabon shiga, wani mai tsofaffin kaya ya nuna mini sule mai inuwar wani sulen a nutse a jikinsa, haruffa a juye. Na biya kuɗin da ya kai na cefanen mako ban ko taya ba. Da na kai gida na juya bayansa a ƙarƙashin fitila, sai na ga ganyen zanen duk ya lotse, ga sawun haƙoran matsin makanikai layi-layi a jikinsa, gefen kuma ya ɗan buɗe ya zama kamar ƙwai. Sule biyu aka haɗa aka matse. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kullum da irin wannan matsin nake aiki, amma kwaɗayi ya rufe mini ido. A na gaske, fuskar da ke lafiya tana fitowa tas, domin a cikin hatimi take zaune lokacin bugun. Har yau sulen yana wurina, shi nake fara nuna wa duk yaron da ya zo koyo.

Nairarka ta 2007 kuwa, ina jin rauni ce. Ita da naira biyu da aka fitar tare a watan Fabrairun shekarar ƙarfe biyu ne, ƙwaya a cikin zobe, kuma bugun ne ke ɗaure su. Yara da masu walda suna fitar da ƙwayar da guduma cikin sauƙi. In da zoben kaɗai aka buga babu ƙwaya, ƙarfensa zai malala ciki, hujin ya ƙanƙance ya ɓata zagaye, har ka ga guntayen zanen tsakiya a leɓensa na ciki. In hujin a zagaye yake cif, da 'yar lanƙwasa ko ƙarzuwa, fitar da ita aka yi.

Batun miliyoyi, gara ka ji gaskiya daga gare ni. Yawancin kurakurai, irin su tsaga da ɓawo da ƙaramin gutsure, ɗan abin da suke ƙarawa kaɗan ne. Abin da ke sa tsada shi ne ƙarancin abu, da fitowar kuskuren a fili, da lafiyar jikin tsabar, sannan a sami masu nema. Alfadaran nan na kwabo suna da kuɗi na gaske a gwanjon ƙasashen waje, amma mai saye ba zai yarda da bakinka ba sai kamfanin tantancewa irin PCGS ko NGC ya duba ya rufe ta a kwanso da lamba, bisa ma'aunin da ke tashi daga 1 zuwa 70. Kuɗin aikawa da na tantancewar sukan fi ƙaramar tsaba daraja, don haka ba kowace ake kaiwa ba. A nan ne wanki ke yin ɓarna: toka da tsami suna cinye fatar ƙarfen, su bar ƙananan zane da ƙyalli na ƙarya, masu tantancewa su rubuta cewa an wanke ta, farashin ya faɗi warwas. Duk kuma wanda ya tuntuɓe ka a Facebook ko WhatsApp ya ce Bature zai sayi kwabonka amma ka fara tura kuɗin rajista ko na gwaji, ɗan damfara ne, ka toshe shi. Ka kuma sani dokar Babban Banki ta 2007, a sashe na 21, ta hana lalata naira da cinikinta, saboda haka tsabar da har yanzu kuɗi ce a hukumance ka ajiye ta a matsayin tarihi kawai.

Ka shimfiɗa farin ƙyalle da rana, ka juye gwangwanin a hankali, ka riƙa kama kowace ta gefe, kada yatsa ya taɓa fuskarta. Ware masu huji gefe guda ka karanta su ɗaya bayan ɗaya: George na biyar har zuwa 1936, Edward na takwas 1936 kaɗai, George na shida daga 1937 zuwa 1952, bayan nan Elizabeth. Duk wadda sunan da shekarar suka saɓa, ka naɗe ta ita kaɗai a takarda mai tsabta, ban da leda mai laushi domin tana sa ƙarfe ya yi kore. Kwabon da sulen kuma ka kai wurin masu sayar da gwal a Kasuwar Gumi su auna maka su tare da 'yan'uwansu masu lafiya, ka rubuta nauyin kowanne. Sannan ka ɗauki hotonsu gaba da baya da gefe, a inuwa kusa da taga ba tare da fitilar waya ba, ka turo mini in duba.